Wa Zai Nuna wa Yaran Yerwa Tafkinsu?

Iyaye mata da ke cikin gida, iyaye maza da ke bakin shago ko kan hanya, malaman boko da na allo, maganarmu ta yau ta yaranmu ce, amma daga wani fim za mu ɗauko ta.

Sunan fim ɗin The Water Horse, wato dokin ruwa. Ya fito a shekarar 2007, Jay Russell ne ya ba da umarni, labarin kuma an ɗauko shi daga wani ɗan littafin yara da marubucin Ingila Dick King-Smith ya wallafa a 1990. Fim ne na iyali, irin wanda ake shiryawa don uwa da uba da yara su zauna wuri ɗaya su kalla.

An gina labarin a 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a bakin wani tafki na ƙasar Sikotlan da ake kira Loch Ness. Wani yaro mai suna Angus ya tsinci wani abu a bakin ruwa, ya ɗauka dutse ne, ya kai ɗakin aikin mahaifinsa ya ɓoye. Ashe ƙwai ne. Cikin dare ya ƙyanƙyashe, wata 'yar halitta mai dogon wuya ta fito. Yaron ya raɗa mata suna Crusoe, yana ɗebo mata abinci a ɓoye, yana ajiye ta a bahon wanka. Ita kuwa sai girma take yi ba kama hannun yaro, har gida ya yi mata kaɗan, dole aka kai ta tafki. A can ta zama dodon da mutanen yankin suka daɗe suna ba da labarinsa.

Yaro idan ya kalli fim ɗin nan, dodo zai gani. Babba kuwa, musamman babban da ya zauna a garin nan na Yerwa, wato Maiduguri, shekarun nan, wani abu daban zai gani. Mahaifin Angus sojan ruwa ne. Ya tafi yaƙi, jirginsu ya nutse, bai dawo ba. Kowa a gidan ya san abin da ya faru, yaron ne kaɗai ya ƙi yarda. Kullum yana ƙirga kwanaki a jikin kalanda, yana tsare kayan uban, yana jira. Ga shi yana tsoron ruwa ƙwarai, amma ya kasa daina zuwa bakinsa. Ana cikin haka sojoji suka zo suka sauka a gidansu, suka girke manyan bindigogi suna kallon tafkin, don tsoron jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Ranar da suka gwada harbi cikin tafkin, dabbar da ta tashi a hannun yaro ta firgita, ta birkice, har ta daina gane abokinta. Daga ƙarshe yaron ya taimaka mata ta ƙetare ragar da aka datse mafitar tafkin da ita, ta fita teku. A wannan rabuwar ne zuciyarsa ta karɓi gaskiya cewa mahaifinsa ba zai dawo ba.

To jama'a, ku faɗa mini, a duk faɗin Najeriya akwai garin da wannan labari ya fi shafa irin Maiduguri? Tun daga ɓarkewar rikici a 2009 zuwa yau, yara nawa ne a unguwanninmu da sansanonin gudun hijira suka tashi suna jiran uban da ya fita bai komo ba? Yara nawa ne suka san ƙarar bindiga tun kafin su san baƙaƙen karatu? Mu manya muna da kalmomin da muke lallashin kanmu da su, mu ce haƙuri, mu ce ƙaddara, mu yi addu'a. Yaro ɗan shekara bakwai bai kai ga riƙe waɗannan ba tukuna. Shi ta labari yake gane duniya. Ka ba shi labarin wani yaro da ya rasa abin da yake so kuma ya rayu, sai ka ga abin da ya toshe masa ƙirji ya sami hanyar fita, ba tare da ka tilasta masa ya yi maganar kansa ba. Wannan ne babban aikin da dodon fim ɗin yake yi.

Bari mu ɗan duba shi kansa tafkin nasu. Loch Ness tsawonsa kimanin kilomita 37 ne, zurfinsa kuma ya kai mita 230 a wani wuri, ruwansa baƙi ne mai sanyi. Labarin wata dabba a ruwan yankin tsoho ne, amma a 1933 ne jaridu suka ɗauke shi suka yaɗa, bayan wasu mutane sun ce sun ga wani abu yana motsi a ruwan. A 1934 jaridar Daily Mail ta buga wani hoto da ya zaga duniya, na wani kai da dogon wuya sun leƙo daga cikin ruwa. Sai bayan shekara sittin, a 1994, aka fallasa cewa ɗan jirgin wasan yara ne aka liƙa wa kai na bogi. A 2018 wani masani daga Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, Neil Gemmell, ya jagoranci ɗibar ruwan tafkin daga wurare da yawa aka bincika ɓurɓushin ƙwayoyin halittar duk abin da ke rayuwa a ciki. Ba a sami alamar wata ƙatuwar dabba mai rarrafe ba, sai tarin alamun wani dogon kifi mai siffar maciji. Wato dai babu dodo. Duk da haka dubban ɗaruruwan baƙi suna zuwa bakin wannan tafki kowace shekara, an rubuta littattafai, an shirya finafinai, kuma yaro a unguwar Gwange ko Bulunkutu yana iya sanin sunan Loch Ness alhali bai san sunan tsibiri ko ɗaya a Tafkin Chadi ba. Shi kansa fim ɗin ma, akasarinsa a Niyu Zilan aka ɗauka, dabbar kuma masu fasahar kwamfuta na kamfanin Weta ne suka ƙera ta.

Su ke nan da ba su da komai a ruwansu sai labari. Mu fa?

Daga nan Maiduguri zuwa Baga, a bakin Tafkin Chadi, bai cika kilomita 200 ba. A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000, ƙasashe huɗu suna shan ruwansa: Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawansa, ko da yake masu bibiyarsa ta tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga lokacin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba, cika yake yi yana janyewa gwargwadon abin da kogunan Shari da Logone suka kawo masa. Ba shi da zurfin Loch Ness ko kusa, a wurare da yawa gora ake kafawa a ƙasa a tura kwalekwale. Amma abin da ke cikinsa da abin da ke bayansa na tarihi, babu tafki a Turai da zai haɗa kafaɗa da shi.

Masana sun ce kimanin shekara 7,000 da suka wuce, wannan tafki ya haura murabba'in kilomita 300,000. Dogon tudun rairayin nan da ya taso daga wajen Bama, ya ratsa Maiduguri, ya nufi arewa maso yamma, tsohuwar gaɓarsa ce. Ku ji da kyau: inda muke zaune yau, bakin ruwa ne a da. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a can ƙasa. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda aka auna shekarunsa suka haura 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Yaranmu nawa ne aka taɓa zaunar da su aka ba su wannan labari yadda zai shiga ransu? Wane ne ya sassaƙa shi? Ina ya dosa? Me ya gani a cikin ruwan? Tambayoyin da fim ɗin yara yake farawa da su ke nan.

In kuwa dodo ake nema, na gaske, to maƙwabciyarmu Nijar tana da shi. A Gadufawa, cikin hamadar yankin Agadas, an tono ƙasusuwan wani kada na zamanin da can can, wanda masana suka sa wa suna Sarcosuchus. Tsawonsa ya kai mita 9 ko fiye, ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. Mutanen Sikotlan sun shekara kusan ɗari suna leƙen ruwa ba su sami ko haƙori ba, a nan kuwa ga ƙashi a ƙasa ana gani da ido.

Ga kuma labarin Sao, mutanen da suka zauna kudancin tafkin kafin zuwan sarakunan Borno. Tsofaffi suna ba da labarinsu cewa ƙatti ne, mutum ɗaya yana saɓa giwa a kafaɗa ya kawo gida, yana tare kogi da tafin hannu. Wannan almara ce, amma manyan tulunan da suka bari da 'yan gumakan yumɓu da aka tono a tsofaffin garuruwansu ba almara ba ne. Ga Buduma, mutanen tsibirai, da kwalekwalensu na ciyawar ruwa, da shanunsu na Kuri masu kumburarrun ƙahoni waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman kiwo. Ga dorina, ga kada, ga giwan ruwa da ke iya fin ƙaton namiji nauyi, ga minjirya da ke girgiza duk hannun da ya taɓa ta.

Amma ni a cikin su duka, wadda na fi so in ga an yi wa fim ita ce gaiwa. Masunta sun san ta, manoman fadama sun san ta. Kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan rani ya yi, ruwa ya janye, sauran kifaye suka mutu ko suka bi ruwa, ita sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da ke bushewa ya zama mata kwanso, ta bar 'yar ƙofa ƙarama da iska za ta shiga. Nan za ta kwanta wata da watanni, ba ci ba sha, tana rayuwa da abin da ke jikinta, ƙasa ta bushe ta tsattsage a kanta, har ranar da ruwa ya dawo ya jiƙa taɓon, ta farka ta fita. Wannan ikon Allah ne da ke faruwa kowace shekara a ƙasarmu.

Yanzu ku ba ni dama in yi mafarki da ƙarfi. A ce ga wata yarinya da aka haifa a sansanin gudun hijira a Maiduguri, iyayenta mutanen Doron Baga ne, mahaifinta masunci ne da ya shiga ruwa a shekarun tashin hankali bai fito ba. Ba ta taɓa ganin tafkin ba, sai a bakin kakarta. Da aka fara mayar da mutanen Baga gida, kamar yadda aka soma a 2020, ta bi kakar suka koma. Ta tarar da inda ake ce mata ruwa ne ya zama busasshiyar ƙasa. Wata rana masu yin tubali suka fasa wani dunƙulen laka, ta ga abu a ciki yana numfashi. Ta ɗauke shi ta ɓoye a tukunya. Sauran labarin na bar wa marubutanmu: yadda abin zai girma, yadda kakar za ta gane ta yi shiru, yadda ruwa zai dawo, da ranar da dole yarinyar ta saki abin da ta raina. Babu yaron Borno da zai kalli wannan bai gane cewa da shi ake ba. Mutanen da suka jure shekaru a takure suna jiran ranar komawa gida ba sa bukatar a yi musu bayanin gaiwa.

Na san akwai iyaye da malamai da za su ce, mene ne amfanin cika wa yara kai da ƙarya da dodanni? Tambaya ce mai nauyi, kuma ban raina ta ba. Akwai finafinan da suka cancanci wannan zargi, waɗanda ke koya wa yaro tsoron wanin Allah, ko suke ƙawata tsafi da yanka wa ruwa. Irin waɗannan ba su nake nema ba. Amma tatsuniya ba baƙuwa ba ce a gidan Musulmin ƙasar nan. Kakanninmu mata sun yi sallah sun yi azumi, kuma da dare sun tara jikoki sun ce ga ta nan ga ta nanku. Tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba, tun daga buɗewarta har rufewarta tana sanar da yaro cewa labari ne, kuma yaro yana ganewa. Dodon da ke cikinta aiki yake yi. Uwar da ta ce wa ɗanta kada ya je bakin kududdufi akwai dodo, ta san abin da take karewa, domin duk damina muna jin labarin yaran da ruwa ya ci a ramukan da aka haƙi ƙasa aka bari. Mutanen Sikotlan ma, tsohon labarinsu na dokin ruwa da ke jan yara cikin tafki, wannan aikin ya yi musu. Macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya kashe shi, labari ne na ruwa da wanda ya tare shi. Ko fim ɗin Kiriku da yaranmu suka haddace, wanda Bafaranshe Michel Ocelot ya fitar a 1998 daga tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, me ɗan yaron ya tarar da ya shiga cikin maɓuɓɓugar garinsu da ta ƙafe? Wata dabba ce ta toshe ta tana shanye ruwan. Kayanmu ne, wani ya ɗauka ya gyara ya dawo mana da shi, muka karɓa hannu biyu.

Akwai wani dalili kuma da ya sa maganar ta fi matsa mini yanzu. A daren 9 ga Satumba wayewar 10 ga wata, 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, shekara talatin bayan ambaliyar 1994. Ruwa ya shiga Fori, Gwange, Kasuwar Monday, asibitin koyarwa, har ƙofar fadar Shehu. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi ya cika da ruwa, hukumomin wurin suka ce mafi yawan dabbobin sun mutu, suka kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai ya shiga da su unguwanni. Ga yaran da aka ɗauka a wuya cikin duhu a wannan dare, dodon ruwa ya tashi daga tatsuniya. Iyaye da yawa za su shaida yadda yaransu ke rikicewa da zarar hadari ya haɗu. Yaron da bai taɓa sanin ruwa ba sai a matsayin abin da ya cinye gidansu, wa zai gaya masa cewa wannan ruwan ne ya ciyar da kakanninsa, shi ya kawo bandar da ake lodawa daga kasuwar kifi ta hanyar Baga zuwa kudancin ƙasar nan, shi ya shayar da alkama da masara da wake? Fim mai kyau zai iya koya masa ya ji tsoron ruwa gwargwado, ya girmama shi, ya koyi iyo a hannun babba, ba tare da ya tsane shi ba.

Masana'antar finafinan Hausa ta haura shekara talatin, tun daga Turmin Danya a 1990. Ta yi soyayya, ta yi kishi, ta yi barkwanci, ta yi dogon zango. Amma idan aka ce a nuna finafinan da aka shirya musamman don yaro ɗan shekara takwas, da labarinsa, da idonsa, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa yaranmu suke zaune gaban abin da aka shirya don manya, ko fassarar finafinan Indiya, ko zanen ƙasashen waje a wayar uwa. Za a ce kuɗi. Gaskiya ne ba mu da kuɗin kamfanin Weta. Amma Kiriku zane ne, kuma shirin yara na Bino and Fino a Abuja ake yin sa. A Chadi, maƙwabciyarmu a bakin tafkin nan, Mahamat-Saleh Haroun ya shirya fim ɗin da ya ci kyauta a bikin Cannes na Faransa a 2010. Matasa masu iya zane da kwamfuta suna nan a garin nan. Jami'ar Maiduguri tana da sashen aikin jarida da na harsuna. Cibiyar binciken Tafkin Chadi a nan cikin gari take. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna kashe kuɗi kan kula da tunanin yaran da rikici ya shafa, kuma ina ganin fim ɗaya mai kyau, da Hausa da Kanuri da Larabcin Shuwa, da za a haska a makarantu da filayen unguwa, yana cikin wannan aiki. Kafin a kai ga fim ma, rediyo zai iya farawa da wasan kwaikwayo na yara, domin a rediyo murya da ƙarar ruwa sun isa, yaro da kansa zai zana dodon a zuciyarsa.

Abin da ba zai jira kuɗi ba shi ne labaran kansu. A 1854 aka buga tatsuniyoyin Kanuri da wani Bajamushe, Koelle, ya rubuta daga bakin Ali Eisami, mutumin Borno da bauta ta kai shi Saliyo. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara na Hausa a Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Ba don su ba, da yawa sun tafi da masu su. Yau tsofaffin masunta da matan tsibirai, Kanuri da Buduma da Kanembu da Hausawan da suka bi kifi suka zauna can, da yawansu suna nan cikin Maiduguri, shekaru suna ta ja. Duk mai kaka ko kakan da ya yi zaman bakin tafki, wayar da ke hannunsa ta isa. A zauna da su bayan sallar isha'i, a tambaye su sunayen tsibirai da na kifaye, da abin da ake gaya wa yara game da wuraren da ba a shiga, da abin da suka taɓa gani da idonsu a cikin ruwa. A naɗi muryar da harshen da suka fi sakewa da shi, a rubuta sunan garin da mutum ya fito da ranar da aka naɗa, a bar yaran gidan su zauna su ji, kuma su ma a bar su su yi tambaya.